Murhun gas zalla ko mai haɗi da lantarki: abin da ya kamata ku sani

Duk wanda ya je sayen babban murhun girki mai obin, ko don gidansa ko don kayan kicin ɗin amarya, mai shago zai tambaye shi: mai gas zalla kake so, ko mai haɗi da wuta? Da yawa kan zaɓi mai haɗin don ya fi tsada, suna ganin tsada ita ce inganci. Amma abu biyu ne ya kamata su yanke hukunci: irin wutar da ake samu a gidan, da abin da uwargida za ta riƙa gasawa.

Iri uku ne a kasuwa. Akwai wanda samansa da obin ɗinsa duk gas ne. Akwai wanda samansa gas ne, obin ɗin kuma lantarki, shi ne ainihin mai haɗin da ake yayi a Turai da Amurka. Sai na uku da ya cika shagunanmu: kai uku na gas, ɗaya farantin lantarki. Na farko da na biyu ba su da bambanci a sama. Tuwo, miya da suya duk a kan gas za a yi su, a ƙara wuta ko a rage nan take. Bambancin yana cikin obin.

Gas idan yana ci yana fitar da tururin ruwa, don haka zafin obin ɗinsa yana da ɗan laima. Wannan yana yi wa gashin kaza da nama kyau, ba sa saurin bushewa. Sai dai wutar daga ƙasa take tasowa, shi ya sa ake ganin kek ya ƙone ta gindi alhali samansa bai yi ja ba, sai an ɗaga faranti sama ko an juya shi ana cikin gashi. Obin ɗin lantarki kuwa zafinsa busasshe ne, yana zuwa ta sama da ƙasa, kuma yana tsayawa kusa da ma'aunin da aka saita. Wanda ke da fanka a ciki ya fi rarraba zafin ko'ina. Mai sana'ar kek, biredi ko gireba, wadda ke son farantin yau ya fito kamar na jiya, za ta fi jin daɗinsa.

To amma duk wannan sai da wuta. Obin ɗin lantarki yana jan wat 2,000 zuwa 3,000. Ƙaramin janareton da bai kai wat 1,000 ba ko kusa ba zai ɗauke shi ba, yawancin solar gidaje ma an haɗa ta ne don fitila, fanka da firji. Idan aka ɗauke wuta kek yana tsakiyar tashi, zai faɗa, an yi asarar fulawa, ƙwai da bota. Ga kuma kuɗi: a watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta ɗaga farashin yunit ɗaya zuwa naira 225 ga 'yan rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana. Obin mai wat 2,500 yana iya shan kusan yunit biyu a awa guda, shi kuwa kilo ɗaya na gas yakan riƙe obin matsakaici wajen awa biyar. Kowa ya ɗauki farashin unguwarsa ya yi lissafi.

Haɗa shi ma aiki ne. Soket ɗin bango na yau da kullum amfiya 13 yake ɗauka. Murhun da ke da obin da faranti na lantarki yana bukatar layinsa daban daga akwatin wuta, da waya mai kauri da makunninsa. Kada a jona shi a doguwar soket tare da firji, ta nan gobara ke tashi. A kira mai gyaran wuta da ya san aikinsa.

Masu sayen na hannu, wanda aka shigo da shi daga waje, su buɗe ido. Yawancin murhun Turai da Amurka an saita su ne don gas ɗin da ke zuwa gida ta bututu, ba na tukunya ba. Hudar da gas ɗin bututu ke fita ta fi faɗi. Idan aka haɗa ta da tukunyar kilo 12.5 ba a canza ba, harshen wuta zai yi tsawo, ya yi rawaya, ya baƙanta gindin tukunyar girki, ya kuma fitar da iska mai guba da ba a jin warinta. Dole a canza kawunan. Na Amurka kuma tsarin wutarsu daban ne da namu mai bolt 230, don haka mai haɗi daga can yakan zama wahala.

Ko wanne aka saya, gas yana nan a sama, saboda haka kiyayewarsa ɗaya ce. Lafiyayyar wuta shuɗiya ce. A riƙa shafa ruwan kumfa a kan tiyo da mahaɗarsa, in kumfar ta riƙa tasowa to yana yoyo. Gas ɗin tukunya ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, don haka in an ji warinsa a rufe tukunya, a buɗe ƙofa da taga, kada a taɓa makunnin wuta ko ashana. In da hali, a nemi murhu mai na'urar da ke datse gas da zarar wuta ta mutu, a kuma ajiye tukunyar a waje.

Shawarata ita ce: gidan da wutarsa ba tabbas, kuma gashin nasa na Sallah ne ko suna, ya sayi mai gas zalla, ya sa rarar kuɗin a tiyo mai kyau da tukunya ta biyu. Mai kai uku da faranti ɗaya yana ceto ranar da gas ya ƙare ana cikin girki, muddin akwai wuta. Mai obin ɗin lantarki kuwa na wadda gashi ne sana'arta ne, kuma tana da wutar da za ta riƙe shi har kek ya gasu.