'Yan haya a Legas, kada ku jira sai an kawo notis

Ɗan uwa mai haya a Agege, ko Idi-Araba, ko Mile 12, yaushe kuɗin hayarka zai ƙare? Ina rasit ɗin biyan bara? Kana da takardar yarjejeniya, ko da baki kuka yi magana da ejan?

Duba yau. Kada ka bari sai gobe.

Tun da aka cire tallafin mai a 2023, masu gidaje suke ta ƙari. Ka ga maƙwabcin da aka ninka wa haya ta saƙon waya. Ka ga wanda ya kwashe iyali cikin dare. Kana tsammanin kai za a tsallake?

Dokar haya ta jihar Legas ta 2011 ta ba ka kariya. Idan ƙarin ya wuce hankali, kana iya kai ƙara kotu, kuma ba a fitar da kai har sai an yanke hukunci. Mai biya duk shekara, wata 6 ne notis ɗinsa na tashi daga gida. Mai biya wata-wata, wata 1. Bayan haka akwai wani notis na kwana 7, sannan kotu. Mai gida ya cire maka kwano ko ya yi maka barazana don ka tashi? Laifi ne. Hana ka rasit ma laifi ne.

Amma ga inda ake faɗawa rami. Wata 6 ɗin nan yana aiki ne idan yarjejeniya ba ta faɗi wani wa'adi daban ba. In ka sa hannu a haya mai ƙayyadadden lokaci, ranar da ta ƙare kwana 7 kawai za a ba ka. Ka karanta abin da ka sa wa hannu? In ba ka iya Turanci ba, nemi mai karanta maka, ba ejan ba. Shi la'adarsa yake kallo.

An ce ka biya shekara 2 gaba ɗaya? Kada ka biya. Doka ta hana, kuma mai bayarwa ma yana cikin laifin.

Kada ka daina biyan tsohon kuɗin don fushi, bashin zai zama hujja a kanka. Biya ta banki. Ajiye kowane saƙo. Ka ce a rubuto ƙarin a takarda, da adadi da ranar farawa. Mai gida ya ƙi? Tafi ofishin sasanci na Citizens' Mediation Centre, ko ka ga lauya, tun wa'adinka bai cika ba.