ƘARIN DA BA YA ZAFI: KADA KA KAI SHI WURIN WANZAMI

Ya kai maigida, in ka ga ƙari ya fito wa wani a gidanka, ko a mama, ko a wuya, ko a muƙamuƙin yaro, yana girma amma ba ya zafi, kada ka ce maruru ne. Maruru yakan yi zafi, ya nuna, ya fashe. Wanda ya yi tauri ya yi shiru, shi ya kamata likita ya duba, domin sau da yawa haka ciwon daji, watau sankara, ya ke farawa.

A nan Geza da sauran ƙasar Bagudo mutane sukan ce sankara ba ta son ƙarfen asibiti, wai ba ta da magani. Da can maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma an wuce nan. A shekara ta 1958 wani likita mai suna Denis Burkitt, a ƙasar Yuganda, ya ba da bayanin wani ƙari mai kumbura muƙamuƙin yara, wanda ya fi yawa inda zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa, kamar fadamun bakin Kwara. Bayan 1960 aka gwada wani magani mai suna cyclophosphamide a kansa, har a asibitin Ibadan inda Likita Victor Ngu ya yi aikin. Sai ga kumburi yana sacewa cikin 'yan kwanaki, yara da dama suka warke sarai.

To, amma ba kowane ƙari ne ya ke jin magani iri ɗaya ba, nan ne mutane su ke kuskure. Ɗauki sankarar mama. Akwai irin da ruwan jikin mace ke ciyar da ita. Ita ce ƙwayar tamoxifen, wadda aka fara sayarwa a Ingila a 1973, ta ke tare wa abinci, ana sha kullum shekara biyar ko fiye. Akwai wata irin kuma, wajen ɗaya cikin biyar, wadda allurar trastuzumab ta 1998 ke kamawa, sai dai tana da tsada ƙwarai. Wadda ta yi wa wannan aiki ba lalle ta yi wa waccan ba. Don haka ne likita ya ke yankar ɗan guntu daga ƙarin, a duba a madubin likita, kafin ya rubuta magani. Mai tallar ƙwaya a kasuwar Lolo ko Tsamiya, ko a ƙetaren iyaka cikin Benin, ba shi da wannan madubi.

Sakiya kuwa, ko tsaga, ba ta cire saiwar ciwon. Miki kawai ta ke buɗewa, watanni su wuce ana jinyarsa, ƙarin kuwa yana yaɗuwa zuwa hammata da huhu. Lalle maganin asibiti yana da wahala: akan yi amai, gashi yakan zube, amma yakan sake tsirowa in an gama.

In ka ga alama, ka kawo mai ita ɗakin shan magani cikin makon nan. Mu ba mu da maganin sankara a nan, takarda za mu ba ka zuwa babban asibiti a Birnin Kebbi, in ta kama kuma su aika ku asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Mace mai kunya ta zo da wata babba a gidan. Kada ka jira sai an sayar da shinkafar bana.