Kuɗin Da Banki Ke Yanka A Asusun Cek: Wane Ne Halas, Wane Ne Za A Bi Kadinsa?

Kwanakin baya wani ɗan'uwanmu ya shigo ofishin ƙungiya a nan Zangon Kumasi ransa a ɓace. Ya sauke shanu a karar Kaase, mahauta sun biya shi, ya zuba kuɗin a banki, bayan kwana uku ya kwashe don ya canza sefa ya koma Puitenga saro wasu. Da ya duba abin da ya rage, sai ya ga an taɓa. Ya ce sata ce. Muka zauna da takardar bankin muka bi ta layi-layi, sai muka tarar wani yankan yana bisa ƙa'ida, wani kuwa sai an tambaya. Wannan ne ya sa muka ga ya kamata mu yi bayani a nan, don ba shi kaɗai abin ke ci wa tuwo a ƙwarya ba.

Asusun banki iri biyu ne a wurinmu: na ajiya, da na cek wanda suke kira karan akawun. Mafi yawanmu na cek muke riƙewa, tunda kuɗin bafatake ba ya kwana wuri ɗaya. To, a nan ne wani abu da ake rubutawa COT yake shigowa. Ku ɗauke shi tamkar la'adar dillali. Dillali ba ya tambayar ko ka ci riba ko ka faɗi, kan kowace saniya da ta fita yake karɓar nasa. Haka banki: ba abin da ya rage a asusun yake dubawa ba, a'a, jimlar kuɗin da ya fita daga ciki yake lissafawa, ya yanki wani abu cikin kowane dubu. A ce, misali kawai, yarjejeniyarka sidi 2 ce a kowane sidi 1,000. In ka fitar da sidi 400,000 a tafiya ɗaya, sidi 800 sun tafi ke nan. In ka yi sawu uku a wata da jarin nan guda, sau uku za a yanka, ko da jarin bai ƙaru da kwabo ba. Ma'aikacin gwamnati mai albashi ba ya jin zafin wannan kamar mu.

Kowane banki da nasa farashin, kuma akwai masu asusun cek da ba COT, sai dai kuɗin wata tsayayye ko sharaɗin barin wani adadi a ciki. Mai juya kuɗi da yawa ya zauna da manaja ya nemi ragi ko canjin asusu, amma a rubuta. Alkawarin baki yana tafiya ne tare da manajan ran da aka yi masa canjin wurin aiki. Masu hulɗa da Kano da Sakkwato kada su rikita lissafi: a Nijeriya an daina COT a 2016, aka kawo kuɗin kula da asusu na naira 1 a kowace naira 1,000. Wannan tsarin can ne, bai hau kan bankin Gana ba.

Yanzu ga waɗanda za a bi kadinsu. A watan Yuni na 2021 Babban Bankin Gana ya fitar da sanarwa yana hana wasu cajoji. Daga ciki ya hana yankan kuɗin kula da asusu a kan asusun ajiya. A lura, na ajiya aka ce, ba na cek ba. Kada mutum ya je ya ɗaga murya a kan abin da ba shi da gaskiya. Sanarwar ta kuma hana cin tarar mutum don ya shiga banki ya karɓi kuɗinsa a kanta maimakon ya je na'ura. Ga masu cin bashi, ta hana ɗora ruwa a kan tarar jinkiri. Sai harajin nan na tura kuɗi ta waya, wato I-lebi, wanda ya fara a watan Mayu na 2022 da kashi 1.5 cikin ɗari, ya sauko kashi 1 a Janairun 2023, aka soke shi a Afrilun 2025. Duk wanda ya ga an yankar masa shi bayan sokewar, kuɗinsa ne, ya nema. Haka in an yanki abu guda sau biyu, ko kuɗin littafin cek da ba ka karɓa ba. Amma in ka ba da cek babu kuɗi a ciki ya dawo, kada ka zo mana da kuka, don wannan laifi ne a dokar Gana ban da abin da banki zai caje ka.

Yaya ake bi? Saƙon waya ba ya wadatarwa. Ka nemi cikakkiyar takardar shige da fice ta asusunka, wato sitatimen, da takardar farashin cajojin bankin, ka riƙa Gana Kad ɗinka, domin tun 1 ga Yulin 2022 da shi ake hulɗar banki. Ka sa alama a kan layin da ba ka yarda da shi ba, da kwanan wata da adadin. Sannan ka rubuta ƙorafi, ka miƙa, a buga maka hatimi a kan kwafinka, a ba ka lambar ƙorafin. Mun san halinmu, mun fi son mu je mu yi faɗa da akawun kanta mu huce. Shi kuwa yaron ba shi ya yanka ba, kwamfuta ce, kuma ba shi da ikon mayarwa.

Ƙa'idar da Babban Banki ya shimfiɗa a 2017 ta ba banki kwana 20 na aiki ya warware ƙorafi, in yana bukatar ƙari ya sanar da kai ya ƙara kwana 10. In lokacin ya wuce shiru, ko amsar ba ta gamshe ka ba, sai ka ɗauki takardunka zuwa Babban Bankin, wanda yake da reshe a nan Kumasi, ba sai ka je Ankara ba. Kada a ɓata lokaci, don shi ma kai ƙarar gaba yana da wa'adi. Bayan nan saura kotu. Matsalarmu ita ce tafiya: mutum ya shigar da ƙorafi, ya haura Paga ya yi wata biyu a ƙasar Burkina, layinsa na Gana a kashe, banki ya kira bai same shi ba. Saboda haka a bar lambar da ke aiki, ko a wakilta wani a rubuce.

Ɗan'uwan namu dai COT ɗinsa ya tabbata daidai, haƙuri muka ba shi. Wani yankan da ya fito sau biyu rana guda muka rubuta masa takarda a kai. Wanda karatun boko ya yi masa wuya ya kawo sitatimen ɗinsa wurin sakatare bayan sallar La'asar, a duba tare.