Sai An Gwada Akan San Na Ƙwarai: Darasi Daga Makarantun Ingila

A Ingila, kowace makarantar gwamnati tana da majalisar da ke sa mata ido, wadda ta ƙunshi iyaye, malamai da mutanen gari. Ana kiran su gwamnonin makaranta, kuma aikin sa-kai suke yi, ba albashi. Tun da dokar gyaran ilimi ta 1988 ta damƙa musu kasafin kuɗin makaranta, nauyin da ke kansu ya ƙaru: su ne ke ɗaukar shugaban makaranta, su amince da kasafi, su tuhume shi idan sakamakon yara ya faɗi.

Mai sayar da magani ko direban bas da aka zaɓa cikin wannan majalisa ba a haife shi da sanin lissafin kuɗi ba. Shi ya sa ƙananan hukumomi suka buɗe ofisoshin da ke horar da su, da samo musu magatakarda, da ba su shawara kan doka. To, amma wa zai auna ofishin shi kansa?

Dokar ƙananan hukumomi ta 1999 ta wajabta wa kowace hukuma ta gwada aikinta da na takwarorinta. Ofishin tallafin kan iya duba alƙaluma masu sauƙi: kujeru nawa ne babu kowa a kansu, sababbin wakilai nawa suka samu horon farko, makarantu nawa suka sake biyan kuɗin hidimar a bana. Hukumar da ta ga maƙwabciyarta ta cike guraben iyaye, alhali nata suna nan fayau, ba ta da sauran uzuri. Sai ta je ta tambayi yadda aka yi.

Sai dai fa alƙalami yana iya ruɗi. Cika zauren horo ba ya nuna cewa wakili zai iya buɗe baki ya tambayi shugaban makaranta inda kuɗin littattafai suka shiga. Haka kuma zalunci ne a gwada unguwar talakawa da ta masu hali. A gwada tsara da tsara, sannan a bi sawun lambar har cikin ɗakin taro.

Mu ma nan gida muna da kwamitocin gudanar da makarantu na al'umma, waɗanda shirin ESSPIN, da kuɗin Birtaniya, ya tallafa wa a Kano, Kaduna da Jigawa daga 2008. Shirin ya ƙare, kwamitocin suna nan. Ina kira ga hukumomin SUBEB da su riƙa wallafa jadawali duk shekara, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma: kwamiti nawa suka zauna a kowane zango, mata nawa ke ciki, yaushe jami'in ilimi ya ziyarce su, ƙorafi nawa aka amsa. Uban da ya bar gonarsa ya zo taron makaranta ya cancanci a san ko ana jin maganarsa.

Allah ya sa masu abin su ji.