Lizbon: Baƙin da Biro Ɗinsu Ke Cikin Jaka

A bakin tekun Atlantika, inda kogin Taju yake zuba ruwansa, nan Lizbon take, babban birnin ƙasar Portigal, mai mutane wajen 545.000 bisa ga ƙidayar shekara ta 2021. Cikin ƴan shekarun nan wasu irin baƙi sun yawaita a birnin, waɗanda suka sha bamban da ƴan yawon buɗe ido da kuma ƴan ci-rani, domin su da aikinsu suka zo. Da yawansu matasa ne daga Amurka, Ingila, Jamus da Faransa: masu tsara aikin kwamfuta, masu zane, masu fassara, masu riƙe lissafin kamfanoni. Ubangidansu yana can wata ƙasa, albashi kuwa ta banki yake iske su. Abin da suke bukata bai wuce tebur da wutar lantarki da intanet mai ƙarfi ba.

Turawa suna kiransu da wani suna mai ma'anar makiyayan zamanin kwamfuta. A ganinmu sunan bai zauna daidai ba, gama makiyayi tilas ce take sa shi bin ruwa da ciyawa, su kuwa waɗannan hasken rana da araha suke bi.

Masaukinsu gidajen haɗaka ne. Wani kamfani zai kama tsohon bene ya gyara shi, kamar yadda kamfanin Outsite ya yi a unguwar Cais do Sodré, kusa da bakin ruwa. Kowane baƙo yana da ɗakinsa na kwana, amma madafa ɗaya ce, falo ɗaya, akwai kuma babban zaure da aka jera tebura domin aiki. Kuɗin haya ya haɗa da wuta da ruwa da shara da intanet, kuma ba a neman mutum ya sa hannu kan yarjejeniyar shekara. Wani wata guda zai yi, wani uku, ya ɗauki jakarsa ya ƙara gaba. Wanda kamfaninsa yake New York sai ƙarfe 2 na rana yake soma aiki, lokacin da ƙarfe 9 na safe ta yi can, ya kai dare yana taro ta allon kwamfuta, alhali maƙwabcinsa mai aiki da Landan ya riga ya tashi. Ana cin abinci tare, ana sabo da sauri, ana kuma rabuwa da sauri. Wanda ka saba da shi yau, jibi ka iske wani a ɗakinsa.

Ba haka kawai suka faɗo Lizbon ba, hukuma ce ta yi musu shimfiɗa. Tun shekara ta 2009 gwamnati ta kafa wani tsarin haraji na sababbin mazauna, wanda ya tsaida harajin wasu sana'o'i kan kashi 20 cikin ɗari har tsawon shekara goma. A 2016 babban taron fasaha na Web Summit ya baro Dublin ya dawo Lizbon. Annobar korona ta 2020 ta nuna wa kamfanoni cewa ana iya aiki ba tare da zuwa biro ba, sai ga shi a ƙarshen watan Oktoba na 2022 an fito da biza ta musamman domin masu aiki daga nesa. Sharaɗinta shi ne mutum ya nuna yana samun ninki huɗu na mafi ƙanƙantar albashin ƙasar. A shekara ta 2025 wannan albashi yuro 870 ne, wato wajen jika 570 na sefa. Ke nan a 2025 baƙo sai ya nuna yuro 3.480 a wata, kusan miliyan 2 da jika 283.

To, nan fa gizo yake saƙa. Mai yuro 3.480 da mai yuro 870 kasuwa ɗaya suke shiga neman ɗaki, mai gida kuwa ba ya bukatar a gaya masa wanda zai ba mabuɗi. Tun da ma dokar haya ta 2012, wadda aka yi lokacin da ƙasar take cikin ƙangin bashi, ta sauƙaƙa ƙara kuɗin tsofaffin hayoyi da tashin masu zama ciki, dokar 2014 kuma ta sauƙaƙa maida gida masaukin baƙi na ƴan kwanaki. Gundumar Santa Maria Maior, wadda ta ƙunshi tsofaffin unguwannin Alfama da Mouraria, ta rasa fiye da kashi ɗaya cikin biyar na mazaunanta tsakanin 2011 da 2021. Malamin makaranta ko ma'aikaciyar asibiti da suka haura shekara talatin su ma a gidan haɗaka suke, amma ba don sha'awa ba.

Adalci ne a ce ba waɗannan baƙi kaɗai ke da alhaki ba. Yawansu bai kama ƙafar na ƴan yawon buɗe ido ba, ginin sababbin gidaje kuma ya ja baya ƙwarai tun rikicin kuɗi na 2008. Duk da haka, da jama'a suka fito zanga-zangar neman muhalli ran 1 ga Afrilu 2023, su ma an ambace su. Cikin wannan shekara gwamnatin António Costa ta dakatar da ba da sababbin takardun masaukin baƙi a manyan birane, ta soke ba da izinin zama ga mai sayen gida, ta kuma sanar da rufe tsarin harajin 2009 ga sababbin zuwa. Gwamnatin Luís Montenegro da ta hau a 2024 ta warware wani sashe na matakan da suka shafi masaukai.

Akwai kuma wani irin gidan haɗaka a Lizbon wanda ba a tallarsa da hotunan teku. A Mouraria ƴan ci-rani daga Bangaladash, Nepal da Indiya, masu kai abinci bisa keke da masu wanke kwanoni a gidajen cin abinci, gado suke haya, ba ɗaki ba. Ran 4 ga Fabrairu 2023 gobara ta tashi a ƙasan wani bene na unguwar, inda mutane wajen ashirin suke kwana. Mutum biyu suka rasu, dukansu ƴan Indiya, ɗayansu yaro ne ɗan shekara 14.