Ba Kullum Ne Laifin Rezo Ba

Duk wanda ya taɓa bin layi a ƙarshen wata, ko a asusun ajiya na unguwa, ko a kantin magani, ko a ofishin makaranta lokacin biyan kuɗin karatu, ya san wannan magana: "Ku yi haƙuri, babu rezo." Daga Sokode har Dapaong amsar ɗaya ce, kuma mutane sun saba, sai a koma gindin bishiya a jira. To, wani lokaci gaskiya rezon ne. Amma sau da yawa waya lafiya lau take, na'urar da ke can ƙuryar ofis ce ayyuka suka yi wa yawa, wato babbar kwamfutar da sauran ƙananan ke ɗibar bayani daga gare ta, wadda ake kira saba ko uwar garke.

Intanet ta shigo Togo a 1997, an buɗe cibiyar ajiyar bayanai ta Lome a 2021, sannan igiyar Equiano ta kamfanin Google ta iso gaɓar Lome ta ƙarƙashin teku a 2022. Sai dai ƙwararrun gyara galibi a Lome suke, kilomita wajen 340 daga Sokode, fiye da 600 daga Dapaong. Kafin ƙwararre ya hau mota ya iso, aikin kwana biyu ya tsaya. Saboda haka yaranmu na zango da ake ba amanar waɗannan na'urori, ya kamata su iya duba cikinsu da kansu.

Mai karatu, ɗauki misalin injin niƙa. Injin ɗaya ne, ga mata sun jera kwanuka. Wata ta kawo tiya guda ta tuwon dare, wani kuma ya sauke buhu goma na sayarwa. Idan mai injin ya fara da buhu goman nan, gidaje da yawa za su kwana da yunwa, alhali mai buhunan ba ya sauri. Haka ƙwaƙwalwar saba take. Ayyuka ɗaruruwa ne ke jiranta, tana ba kowane ɗan lokaci kaɗan, ƙasa da ƙiftawar ido, sannan ta juya ga na gaba. Mafi yawansu ba a ganinsu a allo. A bayan fage suke: mai kwafe bayanan yini don ajiya, mai binciken ƙwayar cuta, mai sabunta manhaja, mai haɗa rahoton wata. Duk suna da amfani, amma babu wanda ya kai muhimmancin mai karɓar kuɗin tsohuwar da ke tsaye a gaban kanta.

A tsarin Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a ƙasar Finland a 1991, kuma shi ne a kan mafi yawan sabobin intanet, taga ta farko ita ce umarnin top. Da ka rubuta shi, sai ayyuka su jeru, kowane da lambarsa, da kason ƙwaƙwalwa da yake ci, da wurin da ya tare a ma'adanar wucin gadi. Wanda ya fi ci shi ne a sama. A layin farko kuma akwai lambobi uku masu nuna nauyin da ke kan na'urar a minti 1, da minti 5, da minti 15 da suka wuce. In ƙwaƙwalwar sabarka mai kai 4 ce, ka ga lambar ta daɗe a kan 8 ko 10, to layi ya yi tsawo ke nan. Akwai kuma htop, wanda wani ɗan Brazil mai suna Hisham Muhammad ya fitar a 2004, ya fi daɗin kallo saboda launuka.

Idan an gano mai cin, sai maganar fifiko. A nan ne mutane ke ruɗewa, domin lissafin a juye yake. Kowane aiki yana da lambar da za mu iya kira lambar kawaici, daga -20 zuwa 19, kuma yawanci da sifili yake farawa. Babbar lamba tana nufin mai kawaici ƙwarai, wanda ke cewa "ku wuce, ni ba na sauri". Ƙaramar lamba kuwa ta mai gaggawa ce. Da umarnin nice ake tayar da sabon aiki da lambar da ake so, da renice ake canza ta wanda ya riga ya fara. Alal misali, ayyuka biyu suna takara a kai ɗaya, guda yana sifili, guda an mai da shi 10: na farkon zai samu kusan kashi 90 cikin ɗari, na biyun ya tsira da abin da ya rage. In aka kai shi 19, ko kashi 2 ba zai samu ba. Amma da zarar na farkon ya huta, sai mai kawaicin ya ci karensa babu babbaka. Kowa na iya ƙara wa aikinsa kawaici, rage lambar kuwa sai mai cikakken iko da na'urar.

Masu Windows Server su ma suna da tasu tagar, Task Manager, da matakai shida na fifiko. A nan shawarata ita ce a nisanci mataki na ƙoli. Aikin da aka ɗora a can yana iya danne har abin da ke sauraron allon rubutu, ka zo kana danna maɓalli na'ura ta yi kunnen uwar shegu da kai. Kuma canjin da aka yi da hannu ba ya ɗorewa, da aikin ya sake tashi zai koma matsayinsa na da.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Ranar 20 ga Yuli, 1969, lokacin da kumbon Apollo 11 na Amurka ke sauka a duniyar wata, aiki ya yi wa kwamfutarsa yawa har ta yi ta ƙararrawa. Da yake an tsara ta da fifiko, sai ta yar da ƙananan ayyuka ta riƙe na sauka.

Sai dai fa kar a ɗauki lambar kawaici maganin kowace cuta. Rabon ƙwaƙwalwa take gyarawa. In faifan ajiya ne ya cushe, abin da top ke nunawa a gurbin wa, to ionice ake nema. In kuwa ma'adanar wucin gadi ce ta cika, babu fifikon da zai yi ceto, har Linux kan zaɓi wani aiki ta kashe da kanta, kuma ba lallai ne ta zaɓi wanda kake so ba. Ga kuma namu na gida: ƙurar hunturu tana toshe fankar na'ura, sai zafin Maris da Afrilu ya biyo baya, wanda a Dapaong yakan kai maki 40. Ƙwaƙwalwar da ta ɗau zafi da kanta take rage gudu don kar ta ƙone. Wannan buroshi da iska yake so.

Abin da ya fi ban tsoro shi ne saurin hannu wajen kashe aiki. Umarnin kill in an bar shi yadda yake, saƙo mai lamba 15 yake aikawa, wato "tattara kayanka ka rufe". Mai lamba 9 kuwa fille kai ne nan take. A yi wa rumbun bayanan asusu haka yana tsakiyar rubutu, ana iya wayar gari ana neman lissafin ajiyar wata mai sayar da goro. Haka nan in ka ga baƙon suna yana cinye ƙwaƙwalwa dare da rana, kar ka tsaya rage masa fifiko, domin ɓarayin intanet kan dasa manhajar haƙar kuɗin kirifto a sabar da suka fasa. A cire na'urar daga layi, a sanar da shugaban wurin.

Sau da yawa ma ba sai an taɓa lambar kowa ba. Akwai cron, mai tayar da aiki a sa'ar da aka yanka masa. A mai da kwafe bayanai da haɗa rahoto zuwa ƙarfe biyu na dare, sannan a tabbata batirin ajiyar wuta zai iya riƙe na'urar in an ɗauke lantarki kafin asuba.