Raƙumin Sarki A Harsuna Uku

Ranar Lahadi kasuwar Mai'aduwa take ci a ƙasar Daura, dab da iyakar Nijar. Can ake kai raƙuma da shanu da jakuna, kowace dabba da mai ita. To, malaman nahawu sun lura kowane harshe da inda yake ɗora alamar mallaka.

Balarabe ya ce jamalul amiri, kasra ta sauka a kan amiri, wato mai raƙumin. Bahaushe ya ce raƙumin Sarki, ya ɗora nun a kan dabbar, ya bar Sarki yadda yake. In mace ce sai ra ta maye gurbin nun, a ce taguwar Sarki. Su kuwa Turkawa duka biyun suke yi wa alama. Raƙumi a bakinsu deve ne. Sai su ce emirin devesi, su ƙara in ga emir, su ƙara si ga deve.

Nahawun Turkawa ba ya raba namiji da mace, kuma a wutsiyar kalma yake aikinsa. Devem raƙumina ke nan, deven raƙuminka, deveye zuwa ga raƙumi, deveden daga raƙumi. I'irabin suna a Larabci uku ne, rafa'u da nasabu da jarru, amma nasu shida ne. Da haruffan Larabci suke rubuta duk wannan, har shekarar 1928, sa'ad da Mustafa Kamal ya mayar da su boko.

Mutanen Daura da ba su saki Ajami ba suna da wata riba a nan, musamman fatake. Jaki in an mallaka shi jakin Malam ne, macensa kuwa jakar Malam. Amma akwai wata jakar, wadda ake zuba kaya, kuma kafin zuwan naira a 1973 in an ce jaka a ciniki, fam ɗari ake nufi. Boko yana rubuta su biyun iri ɗaya. Ajami kuwa yana sa alif bayan jim in dabbar ce, ya bar shi in kuɗi ne.

Saboda haka wajibi ne mai rubuta takardar ciniki ya kiyaye alif ɗin nan. In ya tsallake shi, wanda ake bi jaka mai ƙafa huɗu yana iya tsayawa gaban alƙali ana binsa jakar kuɗi. Allah ya tsare, amin.